Mutuwar Ƙashin Ƙugu: Me Gwajin Dabbobi Ya Tabbatar Game da Dashe?

A saman ƙashin cinya akwai wani dunƙule mai santsi, faɗinsa santimita huɗu zuwa biyar a jikin baligi, wanda ke zaune cikin ramin ƙugu yana juyawa duk lokacin da mutum ya ɗaga ƙafa. Shi ake kira kan ƙashin cinya. Kusan duk jinin da ke ciyar da shi ta wasu 'yan siraran jijiyoyi yake hawa, masu bin bayan wuyan ƙashin, kuma idan suka toshe ko suka tsinke babu wata hanyar ratse ta kirki. Cikin 'yan sa'o'i ɓargo zai fara mutuwa, kwana ɗaya ko biyu ƙwayoyin da ke cikin ƙashin su bi shi. Mai ƙashin kuwa yana nan yana harkokinsa, bai san an yi ba.

Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne. Akwai karayar wuyan ƙashin da gocewar ƙugu, irin wadda ake samu a haɗarin mota ko babur. Akwai yawan shan giya. Akwai magungunan sitiroyid idan aka sha da yawa ko aka daɗe ana sha, kuma ƙasar Sin ta ga wannan da idonta bayan annobar SARS ta 2003, lokacin da da yawa daga cikin waɗanda aka ceto da manyan allurai na sitiroyid suka dawo asibiti da ciwon ƙugu. A nan wajenmu ya kamata masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe su ji wannan, domin wasunsu sitiroyid ne. Amma babban abin da ya sa zancen ya zama namu shi ne sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Jinin mai sikila yana cushewa a ƙananan jijiyoyi, kuma kan ƙashin cinya na cikin wuraren da suka fi shan wahalar wannan cushewar. Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani asibitin koyarwa a Arewa ya ga samari da 'yan mata masu ɗingishi, waɗanda tsuguno ya gagare su, zaman tahiya ya koma musu azaba, tanƙwashe ƙafa a kan tabarma kuwa sai dai labari.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne mataccen ƙashi ba ya rushewa don ya mutu. Yana iya ɗaukar nauyi wata da watanni. Gyaran da jiki ke ƙoƙarin yi ne ke karya shi. Sababbin jijiyoyi suna kutsowa daga gefe, tare da ƙwayoyi masu cinye tsohon ƙashi da masu gina sabo, sai dai masu cinyewar sun fi sauri. Kamar magini ne ya zo gyaran soro, ya riƙa zare tsofaffin azara tun bai kawo sababbi ba, alhali ƙasar rufin tana nan da nauyinta. A haka ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi zai tsage, hoton ƙashi ya nuna wani siririn layi mai siffar jinjirin wata, daga nan saman dunƙulen ya lotsa. Da zarar ya lotsa an shiga wani babi, domin ba ya komawa yadda yake, kuma ƙarshen tafiyar galibi ƙugun roba da ƙarfe ne. Ga tsoho ɗan shekara saba'in wannan ba laifi. Ga yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, ƙugun da zai yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin da biyar yana nufin za a sake buɗe ta aƙalla sau ɗaya ko biyu a rayuwarta, ga kuɗin da ba kowane gida ke iya haɗawa ba.

Saboda haka aka daɗe ana neman yadda za a tokare ƙashin kafin ya lotsa. Dallas Phemister, likitan tiyata a Shikago, ya bayyana dabararsa a 1949: a huda rami daga gefen cinya, a bi ta cikin wuya har zuwa wurin da ya mutu, a yanko sandar ƙashi daga ƙwaurin mara lafiyan a cusa. Michael Bonfiglio na Jami'ar Iowa ya gwada huda da dashe a jikin karnuka a shekarun 1950, ya kuma ci gaba da yi wa mutane. A Tulus ta Faransa, Ficat da Arlet suka lura a shekarun 1960 cewa huda ramin kaɗai, ba tare da an cusa komai ba, yana rage ciwo saboda yana sauke matsin da ya taru a cikin ƙashin. Daga baya James Urbaniak na Jami'ar Duke a Amurka, da wasu likitoci a Koriya da Faransa da Italiya, suka ɗauki hanya mai wuya: su ciro siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri tare da jijiyoyinsa, su dasa shi cikin ramin, su ɗinke jijiyoyin da na cinya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tiyata ce ta sa'o'i da yawa da ke buƙatar ƙwararrun hannaye. Wasu kuma suka ce a buɗe taga a wuyan ƙashin a kwashe mataccen a cika da sabo, wasu suka ce a ɗaga guringuntsin ta sama.

Kowace dabara tana da masu yabonta, kuma ba a yanka ƙugun mai rai don a leƙa yadda dashe ke kamawa. Nan dabbobi suka shigo.

Sai dai akwai matsala tun daga bakin ƙofa. Dabbobin ɗakin gwaji ba sa kamuwa da wannan ciwo irin yadda baligin mutum ke yi, don haka dole mai bincike ya kashe ƙashin da hannunsa. Hanyoyin kisan kuwa iri-iri ne. A tumaki, wasu masu bincike a farkon shekarun 2000 sun ɗura tsantsar sinadarin giya ta allura cikin tsakiyar dunƙulen. Wasu suna zura ƙarfe mai ɗauke da ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili, su daskarar da wurin, su bar shi ya narke, su sake. A 'ya'yan aladu, Harry Kim da abokan aikinsa a Amurka suna ɗaure wuyan ƙashin da zare tamau har jini ya daina hawa. A zomaye kuwa allurar sitiroyid ake yi, wani lokaci haɗe da gubar ƙwayoyin cuta, dabarar da Takuaki Yamamoto da tawagarsa a Jami'ar Kyushu ta Japan suka daidaita a shekarun 1990.

Zomo ne ya fi kowa shan wannan aiki, don yana da araha, ba ya cin wuri, kuma ana samun sakamako cikin makonni. Amma a gwajin Yamamoto na 1997, allura ɗaya mai ƙarfi ta kashe ƙashi a ƙasa da rabin zomayen, kuma mutuwar ta fi aukuwa a ƙasa da dunƙulen, wajen wuya da gangar ƙashin, ba a saman da ke ɗaukar nauyi ba. Kan ƙashin cinyar zomo wajen santimita ɗaya ne. Jijiyar jini da za ta yi shekara tana rarrafe kafin ta ratsa mataccen wuri a jikin mutum, a zomo 'yan makonni sun ishe ta. Zomon da ba a yi wa komai ba ma yakan fara warkewa da kansa. To idan aka huda ƙashinsa aka cusa wani sabon haɗi, bayan mako goma sha biyu aka yanka aka ga sabon ƙashi ya fi na ɗan'uwansa da ba a sa wa komai ba, me aka tabbatar? An tabbatar haɗin ba guba ba ne kuma yana hanzarta gini. Ba a tabbatar zai hana lotsawa ba, domin dama ƙugun zomo ba ya lotsawa. Mafi yawan rahotannin da ke fitowa kowace shekara da kanun labari masu daɗi na wannan rukuni ne, kuma ni a ganina ana ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Kare ya fi zomo kusa da mu a girman ƙashi da tsarinsa. Gwajin da Michael Mont da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya cancanci a dube shi da kyau. Sukan fitar da kan ƙashin daga raminsa, su yanka guringuntsin ta gefe uku su ɗaga shi, su kwashe ƙashin da ke ƙarƙashi har a sami kogo. A wasu karnukan suka jera 'yan sandunan ƙashi da aka ɗebo daga jikin karen kansa suka tokare rufin, a wasu suka ƙara wani sinadari mai sa ƙashi tsiro, a wasu suka mayar da murfin a kan kogon da babu komai. Waɗanda aka tokare sun warke da kyau, sinadarin ya ƙara saurin haɗewa, waɗanda aka bari fayau kuma ba su yi kyau ba. Darasi ne mai amfani: tokari a daidai ƙarƙashin guringuntsi shi ne jigon aikin. Amma a lura da abu ɗaya. Ƙashin da ke kewaye da kogon nan lafiyayye ne, cike da jini, a jikin kare mai ƙoshin lafiya. Dashen da aka sa a wuri irin wannan ya faɗa hannu nagari. A jikin mara lafiya, maƙwabtansa matattu ne ko masu jinya.

Sannan kare yana da ƙafa huɗu. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake, kuma idan ta baya ta yi ciwo sai ya ɗage ta ya ci gaba da tafiya da uku. Mutum kuwa duk takun da ya yi, ƙugunsa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu da rabi ko fiye. Gwajin aladun Kim ya nuna girman wannan bambanci ta wata fuskar: waɗanda aka hana taka ƙafar bayan an kashe ƙashin, dunƙulensu bai lalace kamar na waɗanda suka ci gaba da takawa ba. Wato sandar dogarawa da likita ke nacewa a riƙe bayan tiyata ba don ado ba ce.

Labarin da ya fi kowanne koya wa mutum taka-tsantsan shi ne na sandar tantalam, ƙarfen nan da ake haƙo ma'adininsa har a jihar Nasarawa. An ƙera shi da ƙananan ramuka ko'ina, yadda ƙashi zai tsiro ya shige ciki, aka yi fatan zai maye gurbin sandar ƙashin Phemister ba tare da an yanko komai daga jikin mara lafiya ba. Dennis Bobyn da tawagarsa a Montreal ta Kanada sun dasa shi a ƙashin cinyar karnuka, suka ba da rahoto a 1999 cewa cikin 'yan watanni ƙashi ya cika kashi 63 zuwa 80 cikin 100 na ramukan. Sakamako ne na a zo a gani. Aka fara sa wa mutane. A 2008 Michael Tanzer, tare da Bobyn ɗin kansa, suka binciki sanduna 15 da aka ciro daga ƙugun mutanen da aikin bai yi musu ba, suka tarar matsakaicin ƙashin da ya shiga bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Gaskiya ne waɗanda suka gaza kaɗai aka ciro, masu nasara suna jikin masu su. Duk da haka tazarar da ke tsakanin 80 da 2 ta yi faɗin da ba za a ɗora wa wannan uzuri shi kaɗai ba. A kare an sa ƙarfen cikin rayayyen ƙashi, a mutum an sa shi cikin matacce. Abin yabo a nan shi ne mutanen da suka kawo labari mai daɗin su ne suka dawo da mai ɗacin.

Neman dabbar da ƙugunta zai lotsa kamar na mutum ne ya kai masu bincike na Iowa, Michael Conzemius da Thomas Brown da sauransu, ga emu, tsuntsuwar Ostireliya 'yar'uwar jimina, wadda ba ta tashi sama kuma nauyinta kan kai kilo arba'in. Ƙafa biyu gare ta, ba ta da ta ukun da za ta jingina a kai. A rahotonsu na 2002, bayan sun ɗaure jijiyoyi sun kuma daskarar da dunƙulen da ruwan naitirojin, yawancin tsuntsayen sun gurgunce, ƙashin ya lotsa irin yadda ake gani a mutane. Wannan ne karon da aka sami abin auna ainihin tambayar da ta dami mara lafiya. Ling Qin da tawagarsa a Hong Kong sun yi amfani da emu daga baya, suka kashe ƙashin da sitiroyid, suka huda, suka cusa wani soso na roba mai narkewa haɗe da gishirin ƙashi da wani sinadari da aka tato daga ganyen maganin gargajiyar Sin. A rahotonsu na 2015 lotsawa ta ragu a tsuntsayen da suka sami haɗin. Irin wannan gwaji ya fi ɗari na zomaye daraja, amma ba a yawan yin sa. Emu tana da tsada, tana da wuyar riƙo, tana harbi da ƙafa, kuma ƙugun tsuntsu ba tsarinsa ɗaya da na ɗan Adam ba.

Yanzu hankalin masu bincike ya fi karkata ga abin da za a zuba tare da dashen don ya rayu. Asalin wannan ma daga dabba ne. A 1965 Marshall Urist na Los Angeles ya jiƙa ƙashi a ruwan asid har gishirinsa ya fita, ya binne abin da ya rage cikin tsokar zomaye da ɓeraye, sai ga sabon ƙashi ya tsiro a inda babu ƙashi. Sinadaran da ke yin wannan aiki su ake kira BMP, kuma ɗaya daga cikinsu ne Mont ya sa wa karnukansa. Suna aiki, har sukan wuce gona da iri. Da tawagar Kim ta yi wa aladu allurar BMP-2 tare da maganin da ke rage cin ƙashi, siffar dunƙulen ta tsira, amma sai ƙashi ya tsiro a cikin naman da ke kewaye da gaɓar, inda ba a gayyace shi ba. Gwajin dabba ya yi ranarsa a nan, don gara a ga wannan a alade da a gan shi a yaro.

Ɗaya ɓangaren shi ne ɓargo. A nan mutane ne suka riga dabbobi. Philippe Hernigou na asibitin Henri Mondor a gefen Paris, wanda da yawa daga marasa lafiyarsa masu sikila ne 'yan asalin Afirka da tsibiran Karibiyan, ya riƙa zuƙo ɓargo daga gefen ƙashin ƙugu, ya tace shi a na'ura, ya ɗura cikin ramin da ya huda. Rahotonsa na 2002 ya ƙunshi ƙugu 189. Cikin 145 da aka yi wa aikin kafin su lotsa, 9 ne kawai suka kai ga a sauya su. Cikin 44 da aka yi wa bayan sun lotsa, 25 suka kai ga haka. Hannu ɗaya, dabara ɗaya, ɓargo iri ɗaya, abin da ya raba su lokacin zuwa ne. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a tumaki da karnuka da zomaye, inda ake renon ƙwayoyin ɓargo a ɗakin gwaji a ɗora su kan soso ko garin ƙashi, galibi sun nuna ƙarin jijiyoyi da ƙarin sabon ƙashi fiye da huda kaɗai. Sun taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa abin ke aiki. Ba su kawo wani adadi da ya kai na Hernigou ƙarfi ba.

Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, babban giɓin yana wani wuri dabam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan karnuka da tumaki da tsuntsaye da ke da sikila. An kashe ƙashinsu sau ɗaya, rana ɗaya, sannan aka bar lafiyayyen jini ya yi gyara. Mai sikila kuwa jininsa bai daina cushewa don an yi masa tiyata ba. Jijiyar da aka ɗinka da ƙyar a ƙarƙashin madubi na iya toshewa a tashin ciwo na gaba, ɓargon da za a ɗebo daga jikinsa shi ma ya sha jinya, ga ƙarin haɗarin shigar ƙwayoyin cuta cikin ƙashi da haɗarin allurar barci. Akwai ɓeraye da aka sauya wa halitta tun 1997 suke ɗauke da jinin sikila irin na mutum, amma kan ƙashin cinyar ɓera 'yan milimita ne, babu inda za a jera sandunan dashe. Don haka duk abin da aka sani game da masu sikila daga jikinsu aka koya. Wani gwaji da Lynne Neumayr da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2006 ya raba masu sikila 38 gida biyu, wasu aka huda musu ƙashi aka haɗa da motsa jiki na asibiti, wasu motsa jikin kaɗai. Bayan shekara uku ba a ga wani bambanci na kirki ba. A Salvador ta Birazil, garin da ke da ɗimbin jikokin 'yan Afirka ta Yamma, Gildásio Daltro ya bi hanyar ɓargo a masu sikila ya kuma ba da rahoto mai ƙarfafa gwiwa, ko da yake babu rukunin da aka bari don kwatantawa.

Wani binciken Hernigou na 2006 ya bi manya masu sikila da aka gano mutuwar ƙashi a ƙugunsu tun bai fara ciwo ba, kuma cikin shekaru sama da kashi uku cikin huɗu sun lotsa. Wato jira ba ya warkar da shi. A matakin farko hoton ƙashi na yau da kullum yakan fito fes, sai na'urar MRI ke gani, ita kuwa a manyan birane take kuma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. A tsakani ana cewa sanyin ƙashi ne, ana cewa amosani ne ya motsa, a je wajen mai ɗori, alhali babu karayar da zai ɗora, a sha maganin kashe zafi wata shida. Ciwon ma yakan ɓad da kama, ya fito a matsematsi ko a gwiwa. Kafin a isa gaban likitan ƙashi an riga an koma cikin rukunin 44 ɗin nan.

Huda rami da ɗura tataccen ɓargo ba su fi ƙarfin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri ba, kuma marasa lafiyar da za a koya daga gare su sun fi yawa a nan fiye da Paris. Abin da za a fara da shi bai ma kai haka tsada ba. A duk asibitin masu sikila, ma'aikacin jinya na iya kwantar da matashi rigingine, ya lanƙwasa gwiwarsa, ya juya cinyar zuwa ciki. Idan ta ƙi juyawa ko ya yamutsa fuska, a tura shi hoto a wannan makon, kuma a duba ɗaya ƙugun ma, domin sau da yawa ciwon biyun yake kamawa.